Tsamiyar da Ba Ta Faɗuwa

Ƙarfe biyun dare a Jekadafari,
janareton maƙwabta ya yi shiru, nawa yana tari.
Mai aikin ya ce ba wuya:
a shimfiɗa ƙasa ta gaske a ƙarƙashin yaƙin wasa,
kowane tudu da tsayinsa, kowane kwari da zurfinsa.
Ya ce in zaɓi wurin da na sani.
Ni kuwa, da gaggawar wanda kuɗin haya ke bi,
na zaɓi garinmu.

Tauraron ɗan'adam ya miƙo hoton.
Ga Dutsen Bima kwance kamar sa mai tuƙa,
ga ruwan Dadin Kowa ya yi shuɗi a allo,
alhali na san launinsa in damina ta yi nisa.
Na ja gefe na haɗa da gefe
kamar tela mai haɗa ƙyallaye,
har hanyar Hinna ta daina karyewa a tsakiya.

Daga sama duk rufi ɗaya ne,
amma na gane namu:
kwano uku sababbi, sauran tsatsa,
da tsohuwar tayar da Baffa Gidado ya danne kusurwa da ita
shekarar da iska ta yaye mu.
Wannan ɗigon baƙi rijiya ce.
Wannan farin zaren hanyar masu kai tumatir tasha ce.
Wannan da na'ura ta kira ciyawa
gonar waken Inna Dudu ce,
ta yi shari'a biyu a kanta.

Sai aka turo gurabe in cike.
Katangar laka: harbi nawa take ɗauka?
Rumbu: yana kamawa da wuta?
Tsamiyar bakin kasuwa: mutum nawa take ɓoyewa?
Wannan na san amsarta.
Huɗu.
Ni da Manu da Sambo da ƙanin Sambo mai kuka,
ranar da muka kakkaɓe mangwaron Jauro.
Na rubuta huɗu.

Mutane ban sa ba, ba a ce in sa ba.
Gari ya tsaya tsaf, ba tari, ba sallama,
ko akuya babu a gindin katanga.

Da asuba na gwada aikin.
Na hau tankar yaƙi, na shigo ta gabas,
ƙura ta tashi daidai yadda na koya mata.
Da na iso gonar wake
sai hannuna ya karkata da kansa, na bi ta gefe.
Wasan ya rage mini maki.
Da na iso maƙabarta na tsaya cak,
har wani sojan da ba shi da uwa ya harbe ni daga kan rumbunmu.

Na koma gurbin tsamiya.
Inda aka ce harbi nawa take ɗauka,
na danna tara, na danna tara, na yi ta dannawa
har gurbin ya ƙi karɓa.

Bayan mako saƙo ya zo:
aiki ya yi kyau, kuɗi na hanya,
sai dai akwai wata bishiya,
an yi mata ruwan bama-bamai, ko ganye ba ta zubar ba.
Na ce kuskure ne, zan duba.
Ban duba ba.

Ranar da kuɗin ya shigo na kira Inna,
na tambayi ƙafarta, na tambayi waken,
sannan na ce, ya tsamiyar bakin kasuwa?
Ta ce, wace tsamiya?
Ai tun kafin azumi masu gawayi suka gama da ita,
mai cajin waya ne a wurin yanzu.

Na ajiye wayar. Allon yana kunne.
Wani a wata ƙasa, ban san sunansa ba,
ya raɓe a bayanta yana sauya harsashi,
inuwarta ta rufe shi har ƙafa.